Ɗigo Uku a Bayan Kifin Kawu

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na miƙe tsaye a tsakiyar falon Kawu Salihu a unguwar Hindawiyya ta Jidda, da farin safar hannu da madubin ƙara girma, ina karantar da tsofaffi tarihin abin da suka fi ni sani ba. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, ko da ni kaɗai ne a mota.

Bari in fara da faɗin ciwona. Ni mai tara tsofaffin kayan kamun kifi ne. A lura da kyau, ban ce ni masunci ba ne. Sau biyu na taɓa shiga jirgin ruwa a rayuwata, kuma duka biyun a kwance aka dawo da ni ina amai ina salati. A Jidda aka haife ni, teku na nan gefenmu kullum, amma ni da shi sai gaisuwa daga nesa. Kayan nake so: tsofaffin ƙugiyoyi, abin naɗe zare na tagulla, darmar da ke nutsar da ƙugiya, sannan uwa uba kifayen ƙarya. Wato ɗan kifin katako ko na ƙarfe da ake ɗaura wa ƙugiya a ja shi a ruwa yana walƙiya, har babban kifi ya ɗauka abinci ne ya kai masa cafka.

Kwana biyar a mako ina tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito a Madinar Masana'antu. Ranar hutu kuwa a Haraj za ka same ni, kasuwar tsofaffin kaya, na durƙusa ina tonon kwandunan ƙarafa kamar kaza a bola. Abin da na samo sai in jera shi a kabad ɗin gilashi a gidanmu na Aziziyya (kabad ɗin nan, in faɗi gaskiya, don tangaran matata aka saye shi, har yanzu kuma maganar ba ta mutu ba). Ina cikin wani guruf a waya na masu irin larurata, daga ƙasashe daban-daban. Wata rana na dace na gane wani kifin katako da wani ya saka hotonsa, sai wani ɗan Kuwait ya rubuta mini, "Ahsanta ya ustaz," wato aikinka ya yi kyau, malam. Shi ke nan. Tun daga ranar kaina ya daina shiga hula.

Kawu Salihu yayan mahaifiyata ne. Kakanninmu da ƙafa suka zo aikin Hajji suka zauna, shi kuma tun yana saurayi ya kama teku, ya yi fiye da shekara arba'in yana fita da huri, ɗan ƙaramin kwale-kwalen nan na masuntan Jidda, kafin gwiwoyi su zaunar da shi. Yana da wani koren akwatin katako da yake ajiye kayan sana'arsa, kuma tun ina yaro ban taɓa ganin ƙasan akwatin nan ba. In ya buɗe, sai ya kare da jikinsa, ya zaro abin da zai zaro ya mayar da kwaɗo. Na yi shekaru ina mafarkinsa. Ina son akwatin nan so na gaske, ba don ya yi tsada ba, sai don duk abin da na tara a Haraj na baƙi ne, wannan kuwa namu ne.

Sai lokacin tashinsu daga tsohon gida ya zo, za su koma wani ɗan fulat hawa na uku. Matarsa, Inna Ramla, ta yanke hukunci a gaban kowa: akwatin da ke ƙarnin kifi ba zai hau bene tare da ita ba. Dole Kawu ya ba wani. Mu biyu ne muka sa rai, ni da Haruna mijin 'yarsa, Bahaushen Sudan mai shago a Haraj. Haruna mutumin kirki ne, amma na san shi. In akwatin ya faɗa hannunsa, kafin mako ya zagayo ya baje shi a tabarma, kowace ƙugiya ta kama gabanta.

Mako ɗaya kafin tashin, Kawu ya kira ni. Ya juya mini baya kamar yadda ya saba, ya buɗe akwatin, ya zaro wani ɗan siririn ƙarfe baƙi ƙirin, tsawonsa bai fi ɗan yatsa da rabi ba. Ya ɗan lanƙwasa, gefe ɗaya ya fi faɗi, da huda a kowane kai, da tsatsattsiyar ƙugiya mai baki uku tana reto.

"Ka ga wannan?" ya ce. "Duk akwatin nan babu wanda ya kai shi kamo kifi. An ce kai ustazu ne. Tafi da shi ka duba. Ran Juma'a in ka gaya mini daga ina ya fito, akwati naka ne. In ka kasa, halas, magana ta ƙare, Haruna ya ɗauka."

Na karɓa da hannu biyu. Har na kai ƙofa ya sake kirana.

"Kada dai ka wanke shi, ya waladi. Ka bar shi yadda yake."

Na ce to. Kuma ko bai faɗa ba, wannan ita ce doka ta farko a wurin masu tara tsofaffin kaya: ba a goge tsohon abu, baƙin nan da dattin nan su ne shekarunsa. Ni da bakina na sha yi wa sababbin shiga guruf wa'azi a kan haka. Kwana biyu na riƙe wannan doka. A na uku, ina juya shi a hasken taga, sai na hango kamar akwai wani tambari a ƙarƙashin baƙin. Na ce bari in ɗan taɓa gefe kaɗan da lemun tsami. Gefe kaɗan ya zama rabi. Kafin in farga na zauna dirshan da tsohon buroshin haƙori da garin toka, abu yana ƙyalli kamar yau aka fito da shi daga shago.

Abin da ya fito kuwa ya tsinka mini zuciya don murna. A bayan ƙarfen akwai ɗan ƙaramin kambin sarauta, da wasu haruffan boko da suka goge ba sa karantuwa. A faffaɗan kan akwai zanen ganye mai kyau. Ƙasa da kambin kuma ga ɗigo uku a jere, an buga su sun lotsa.

Matata ta zo wucewa da kwandon wanki, ta tsaya ta leƙo ta kafaɗata.

"Kamar na san zanen ganyen nan," ta ce.

"Ke ina za ki san shi? Wannan ya girmi babanki."

Ta dube ni, ta ɗaga kafaɗa, ta wuce da wankinta. (Na sha tunanin yadda rayuwata za ta kasance da na ce mata, "A ina?" Kalma biyu kacal.)

Sauran kwanakin a waya na ƙare su. Na gano cewa a ƙasar Suwidin an yi zamanin da ake ƙera siraran kifayen ƙarfe masu tambari a baya. Babu ko ɗaya da ya yi daidai da nawa, amma wannan bai dame ni ba, sai ma ya ƙara mini ƙarfi: ashe nawa ya fi nasu wuyar samu. Kambin, na ce, alamar kamfanin da ke yi wa gidan sarauta aiki ce. Zanen ganyen don ya karya haske a ruwa ne. Ɗigo ukun kuwa lambar girma ce, wato na uku a jeri. Na saka hoto a guruf da dogon bayani. Wani dattijo da ba ya yawan magana ya rubuta, "Ɗan'uwa, ɗauko mana hoton siririn kan, kamar an yanke shi da zarto." Na yi kamar ban gani ba. A raina na ce hassada ce.

Ran Juma'a bayan masallaci aka taru cin abincin bankwana da gida. Kwalaye jibge a kowane lungu, an naɗe labule, amma Inna Ramla ta dafa sayadiyya tire biyu, shinkafar nan mai ruwan ƙasa da soyayyen kifi a kai. Dangi sun cika, maza a falo, mata a ɗakin da ke kallonsa, ƙofa a buɗe tunda duk gida ne. A cikin matan akwai Hajiya Batulu, maƙwabciyarsu ta jikin katanga tun suna amare. Ita da Inna kullum suna tare, biki da makoki, amma kowa a dangi ya san akwai wani ɗan sanyi a tsakaninsu da ba a san mafarinsa ba. Inna tana iya ba ta abinci a kwano, amma ba ta taɓa ara mata ko ludayi.

Da aka ɗauke tire aka kawo shayi, sai na yi gyaran murya na miƙe. Na sa farin safar hannu (na wurin aiki ne, na wanke shi da bilic). Na fito da ɗan akwatin ɗan kunnen matata mai jan kilishi a ciki, na buɗe a hankali. Ƙarfen ya kama hasken fitila ya yi wal.

Kawu na ganinsa ya ƙware da shayi. Ya yi tari, ya yi tari, ya ɗago jajayen idanu ya ce, "Ka wanke shi."

"Kaɗan ne, Kawu, don bincike."

"Tayyib, tayyib. Mayar da shi aljihu. Ma yi magana anjima, ni da kai."

Yana faɗa yana ƙifta mini ido yana nuna ƙofar ɗakin mata da haɓa. Ni kuwa da na ga haka sai na ce a raina, tsoho ya ga akwati zai kuɓuce masa, yana neman hanyar zillewa. Saboda haka na ƙara ɗaga murya don a samu shaidu.

Na yi bayani, jama'a. Na yi bayanin ƙasar Suwidin da sanyinta kamar can aka yanke mini cibiya. Na kawo labarin jiragen ruwan Turawa da ke tsayawa a tashar Jidda a da, na ce babu shakka wani matuƙin jirgi ne ya ba Kawu, ko ya yar Kawu ya tsinta. Na bi mutane ɗaya bayan ɗaya da madubi ina nuna musu kambi. Haruna ya karɓa ya juya shi, na ga fuskarsa ta faɗi, na ji daɗi har cikin raina. Wani ƙanin babana ya ce, "Mashallah, ashe yaron nan karatu yake yi a kan ƙarafan nan." Kawu dai ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri kamar mai jiran sakamakon asibiti.

Da a nan na tsaya, da na tsira. Amma daɗin yabo ya ɗebe ni, na ce ai bai kamata a bar iyayenmu mata a baya ba. Da ƙafata na taka har bakin ƙofarsu, na durƙusa, na miƙa wa Inna Ramla.

"Inna, ki ga abin da ke cikin gidanki shekara da shekaru ba ki sani ba."

Ta ajiye kofin shayinta. Ta laluba ta sa tabarau. Ta juya ƙarfen, ta shafa zanen ganyen da babban yatsa, ta juya bayansa, ta daɗe tana kallo.

"Ɗigo nawa ka ce?"

"Uku, Inna. Lambar kamfani ce, na uku a jeri."

"Kamfani," ta ce. Ta gyaɗa kai a hankali. "To ga kamfanin nan zaune a gabanka. Ni na buga su, da ƙusa da taɓarya."

Ban gane ba. Na yi 'yar dariya, irin ta wanda yake jiran a gama wasa. Ita kuwa ta dafa gwiwa ta tashi, ta nufi wani kwali da aka rubuta wa kayan kicin, ta farke shi, ta dawo da cokali ɗaya. Ta kwantar da shi a tafin hannunta kusa da kifina na Suwidin. Ganye ɗaya. Kambi ɗaya. Ɗigo uku a jere, wuri ɗaya. Abin da na kwana biyar ina yi wa tarihi mariƙin cokalin shayi ne, an yanke kan, an bubbuge shi da guduma, an huda.

Ga wanda bai tashi a unguwa irin tamu ba, bari in yi bayani (wannan karon na gaskiya). A da, babu mai cokula da tire da za su ishi taron suna ko biki. Gida-gida ake bi a aro, in an gama a wanke a mayar. Don kada kaya su cakuɗe, kowace mace tana da alamarta. Wata jan fenti take ɗigawa, wata ta ɗaura zare, wata ta karce da wuƙa. Ta Inna Ramla ɗigo uku ce. Duk macen da ta taɓa wanke-wanke a gidan biki a Hindawiyya ta san wannan, har da matata, wadda na hango a bayan ɗaki ta toshe baki da gyale kafaɗunta suna rawa.

Sai muryar Hajiya Batulu ta fito, a sanyaye.

"Ramla. Sunan Maryam ɗina. Dozin na ara, na rantse miki dozin na dawo da shi. Kika ce goma kika gani."

"Goma na gani," Inna ta ce, amma ba ita take kallo ba. Ta juya ta fuskanci falo. "Malam."

Kawu ya ɗago kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. "Na'am."

"Shekara talatin da wani abu ina kallon baiwar Allahn nan da abu a raina. Kana zaune. Kana ji ina cewa ba na ƙara ba da aro."

"Wallahi na so in faɗa," ya ce. "Kullum sai in ce gobe. To kuma abin yana kamo kifi, Ramla. Duk kifin da kika soya a gidan nan kika ce ya yi daɗi, cokalinki ne ya kawo shi. Ai bai bar gidan ba, aiki kawai ya canza."

"Biyu suka ɓata. Ina ɗayan?"

Kawu ya sosa ƙeya. "Wannan kam wani babban kifi ya tafi da shi, wajen shekara ashirin ke nan. Shi za ki tambaya."

Haruna ne ya fara fashewa, ya kife a kan matashi yana dukan kafet. Daga nan falo ya ɗauka, ɗakin mata ya amsa. Wani yana cewa, "Suwidin ta Hindawiyya," wani yana tambayata ko sarkin can ma da cokalin Inna yake shan shayi. Ni kuwa ina nan durƙushe a bakin ƙofa, da farin safar hannu, da madubi, na rasa inda zan sa fuskata. Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

A cikin wannan hayaniyar na ga abin da ya sa kunyar ta ɗan yi mini sauƙin ɗauka. Inna Ramla ta koma ta zauna kusa da Hajiya Batulu, ta kama hannunta da hannu biyu ta ce, "Ki yafe mini, Batulu. Na zalunce ki a zuciyata." Hajiya Batulu tana dariya tana share hawaye da bakin mayafi, tana cewa ba komai, ba komai, ai dama ta bar wa Allah. Inna ta ɗauki ƙarfen, ƙugiya da komai, ta danƙa mata a hannu. "Riƙe. Shaidarki ce." Haka abin da ya fi komai daraja a akwatin ya wuce ni ina kallo.

Sannan Inna ta ɗaga murya yadda falo zai ji: "Bayan la'asar a kawo mini akwatin nan gabana. Akwai marfin butar shayi da nake nema tun Haruna bai zo neman aure ba."

Na cire safar hannu na cusa a aljihu. Na riga na haƙura. Na faɗi jarrabawa a gaban dangi kaf, na tona wa Kawu asiri, Haruna kuma har ya fara auna akwatin da ido. Da aka kira la'asar na bi sahun masu fita masallaci, kaina a ƙasa. A soro na ji an damƙe mini hannu. Kawu ne.

"Motarka na kusa?"

"Tana bakin layi, Kawu. Don Allah ka yi haƙuri, ni ban..."

"Yalla, bi ta ƙofar baya ka ɗauke akwatin nan yanzu, kafin a idar da salla."

Na tsaya ina kallonsa. "Amma ai na faɗi."

"Ka faɗi mana. Faɗuwa ma irin wadda ban taɓa gani ba." Ya waiga ya rage murya. "In na ba Haruna, gobe zai baje su a Haraj, inda duk matan unguwar nan ke wucewa. Kai kuwa na gwada ka na gani. An ba ka cokali a hannu mako guda, da madubi, ba ka gane shi ba. Asirina a wurinka ya fi samun wurin kwana."

Haka na sami akwatin da na yi shekaru ina mafarki. Ba a taɓa ba ni kyautar da ta faranta mini rai ta kuma ƙona ni lokaci ɗaya irin wannan ba. Na sa shi a bayan mota ina murmushi, ina kuma jin kamar an mare ni.

Da na buɗe shi a gida, da sababbin idanuna, na ga marfin butar, an yanka shi gida uku. Na ga abin da a da zan rantse aikin Japan ne, yanzu kuwa na san hannun ludayi ne. Akwai kuma wani kifin katako mai jan dutse a ido, dutsen kuwa ya yi mini kama ƙwarai da na ɗan kunnen da mahaifiyata take cigiya tun ina firamare. Shi ya sa in ta kawo mana ziyara nake shimfiɗa mata a ɗakin ciki, nesa da kabad ɗin gilashin da ke falo, in ce falo sanyin na'ura ya yi yawa.

A dangi yanzu ba a kirana da sunana, Ustazun Cokali ake cewa, har jikokin Hajiya Batulu. Na karɓa, don na ci sunan da gumina. Tarin kaya ban daina ba, ranar hutu har gobe ina Haraj. Sai dai yanzu in tsohon ƙarfe ya shigo hannuna, kafin in tambayi waya wace ƙasa ce ta ƙera shi, sai in fara tambayar kaina wace tsohuwa ce a unguwa take nemansa.